Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga gwamnonin bakin iyakar Najeriya da Nijar: mai fyaɗe yana tsallaka boda, takardar ƙara ba ta tsallakawa

Assalamu alaikum masu girma gwamnonin Katsina, Sakkwato, Zamfara, Kebbi da Jigawa, da 'yan uwanku gwamnonin Maraɗi, Tawa, Dosso da Damagaram. Ranku ya daɗe. Ina haɗawa da iyayenmu sarakuna na ɓangarorin biyu, Allah ya ja zamaninku, da malamanmu na jami'o'i, don rabin maganar nan tasu ce.

Ni dai ba kowa ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce a wani ɗan ƙaramin asibiti da in ka hau babur daga ƙofarsa ko rabin awa ba za ka yi ba ka kai boda. Babana ɗan nan ne, innata 'yar ƙasar Maraɗi ce, kawunnaina duk suna can, biki da suna da ta'aziyya kullum muna kan hanya, in na ce muku na san iyakar nan ba a taswira na san ta ba, da ƙafata na san ta. Na daɗe ina son rubuta wannan wasiƙar ina fasawa saboda ana cewa ma'aikacin gwamnati ba ya magana, to yau dai na ga shirun ya fi maganar nauyi a ƙirjina.

Bari in fara da abin da ya sa ni rubutun. Akwai wata yarinya, ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, tana tallan awara ranar kasuwa, goggonta ce ta kawo min ita da magariba tana tafiya da ƙyar. Da na keɓe da su na tambaya yaushe abin ya faru sai goggon ta sunkuyar da kai ta ce yau kwana biyar. Kwana biyar! Duk wanda ya yi aikin asibiti ya san maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan irin wannan abu cikin awa 72 ake fara shi, wato kwana uku, in ya wuce nan shi ke nan. Waɗannan kwana biyar ɗin kuwa ba a banza suka tafi ba, an kashe su ne a zaure ana shawara, wannan ya ce a rufa asiri, wancan ya ce a bar wa Allah, wani ya ce wa zai aure ta in maganar ta fita. Shi kuma wanda ya yi aika-aikar, ɗan garinmu ne kowa ya san shi, magidanci mai mata da 'ya'ya, tun daren farko ya hau babur ya bi ta barauniyar hanya ya tafi wajen danginsa na ƙetare. Da uban yarinyar ya yi ta maza ya kai ƙara sai aka ce masa ai mutumin ya fita daga huruminmu. Ya ci bashi ya tsallaka can ya je wajen jami'an tsaro da takardar da muka rubuta masa, suka juya ta suka ce wannan da Turanci take, kuma ba likitansu ne ya duba yarinyar ba, sai dai ya koma ta hannun hukumomin ƙasarsa. Bawan Allah ya dawo gida ya zauna. Bayan 'yan watanni, ta bakin wata 'yar uwar innata na ji mutumin ya kama shago a can, gaban shagon nasa kuwa yara mata 'yan talla ne ke wucewa safe da yamma.

Kuma kar wani ya ɗauka gefe ɗaya ne abin. Namu su gudu can, nasu su gudo nan. Mijin da ya karya wa matarsa hannu a ƙasar Madarumfa kafin la'asar yana Jibiya yana shan shayi, wanda ya lalata yarinya a Illela kafin a gama kiran sallah ya shiga Birnin Ƙonni. Haka Kongwalam da Ɗan Barto, haka Maigatari, haka Kamba da Gaya. Iyaka ce mai tsawon kusan kilomita 1,500 wadda Turawan Ingila da Faransa suka ja mana ta tsakiyar gonakinmu da danginmu, shinkafa na wucewa, fetur na wucewa, bindiga ma na wucewa, abin da kawai ba ya wucewa shi ne takardar ƙarar yarinya 'yar shekara goma sha biyu.

Ranku ya daɗe, abin da ke ƙona min rai shi ne na ga lokacin da kuka yi irin wannan haɗin kan da idona, kuma ya yi aiki. Lokacin yaƙi da cutar shan inna ni ma ina cikin masu ɗiga wa yara maganin. Rana ɗaya ake sawa mu da 'yan uwanmu na Nijar mu fito, ana ajiye ma'aikata a bakin boda da tashoshin mota da kasuwanni, yaro ba ya wucewa sai an duba ɗan yatsansa ko akwai tawada, in an samu yaro guda ɗaya tak da ƙafarsa ta saki a wani ƙauye kafin kwana biyu labari ya kai Abuja da Yamai, a ɗebi kashinsa a sa a ƙanƙara a kai ɗakin gwaji. Sarakuna suka shiga ciki, hakimai da dagatai da masu unguwa aka riƙa tambayarsu gida nawa ne suka ƙi, me ya sa suka ƙi. Har Allah ya sa a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. To ashe dai mun iya. Ashe in an ga dama ana iya ƙirga yaro ɗaya a rugar Fulani da ke tsakiyar daji. Me ya sa 'yar da aka yi wa fyaɗe ba ta kai darajar a ƙirga ta ba?

Kuma ai kun saba zama tare. A watan Satumban 2019 gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara na lokacin sun je har Maraɗi sun zauna da gwamnan can kan maganar 'yan bindiga da satar shanu. Can gabas gwamnonin yankin tafkin Chadi tun 2018 suke da dandalinsu, aka fara shi a Maiduguri, da na Borno da Yobe da Adamawa da Diffa da na Kamaru da Chadi duk a tabarma ɗaya. Akwai ma hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, ofishinta na Yamai. Na san tun juyin mulkin Yulin 2023 abubuwa sun yi tsami tsakanin manya, an rufe boda mun sha wuya, daga baya Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wannan ni ba hurumina ba ne kuma ba zan sa baki ba. Amma ku duba abu ɗaya. A 2008 wata baiwar Allah Hadijatou Mani, wadda aka sayar tun tana 'yar shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saya a ajiye kamar mata ba tare da aure ba, ta kai ƙara kotun ECOWAS ta yi nasara har aka ce gwamnatin Nijar ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Yau in irin wannan ya faru wace ƙofa za a ƙwanƙwasa? Tunda ta sama ta rufe ai dole ku na ƙasa ku buɗe taku. Kuma wahayar nan da ake kira matar biyar ba matsalar Nijar kaɗai ba ce, ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a Nijar ta daɗe tana faɗa cewa daga ƙasar Tawa ake kwaso wasu yaran a kawo wa masu kuɗi a wannan ɓangaren namu, mai saye namu ne mai sayarwa nasu ne, wa zai iya maganinsa shi kaɗai?

Yanzu bari in zo kan bincike, don nan ne na fi son malaman jami'a su saurare ni, Allah ya gafarta muku.

Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wani cin zarafi na jiki tun daga shekara 15, kashi 9 kuma an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata, sannan fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Amma abin da ya ɗaure min kai, da aka rarraba alƙaluman shiyya-shiyya sai ga shiyyarmu ta arewa maso yamma ita ce mafi ƙaranci. Na ji wani a rediyo yana alfahari da wannan wai mu masu tarbiyya ne. Ni kuma da nake ɗinke goshin mata da dare ana ce min wai ƙofa ta buge su ko sun faɗi a bakin rijiya, dariya ce ta kama ni mai ciwo. Wataƙila gaskiya ne mun fi wasu sauƙi, ina fata haka ne wallahi, amma wataƙila kuma mun fi kowa iya haɗiye magana ne. Baƙuwa ta zo da kwamfutar hannu ta tambayi matar aure ko mijinki ya taɓa dukanki, ko da an keɓe su ai ta san uwar miji na bayan zana, ta san gobe baƙuwar za ta tafi ita kuwa nan za ta kwana. Sannan ita kanta kalmar, in ka ce duka wata za ta ce a'a, in ka ce ya taɓa yi miki horo ko ya taɓa ɗan taɓa lafiyarki sai ka ji labari ya fito. Wacce aka tilasta wa kwanciya tana jego ko tana ciwo ba za ta taɓa kiran abin da sunan da ke cikin fom ɗin ba. Wannan aikin mai jin Hausar cikin ɗaki ne, ba Hausar da aka fassaro daga Turanci a otal ɗin Abuja ba.

A can Nijar kuma alƙaluman da kowa ke ambata su ne kusan 'yan mata uku cikin huɗu ana musu aure kafin shekara 18, kuma Maraɗi da Damagaram na cikin inda abin ya fi yawa. Al'ada ɗaya ce da tamu, dangi ɗaya, malamai ɗaya, har waƙar biki ɗaya, amma rahotonsu da Faransanci namu da Turanci, ɗalibin jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina bai san abin da ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ya rubuta ba alhali tsakaninsu tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Ga Bayero a Kano da cibiyarta ta nazarin jinsi, ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga jami'ar André Salifou a Damagaram, ga cibiyar LASDEL a Yamai da ta yi suna wajen zama cikin mutane ta saurare su kafin ta yi rubutu. Dukkanku fa Hausa kuke ji. In Turanci da Faransanci sun raba ku to ku zauna ku yi taron da harshen iyayenku mana, wa ya hana?

Mu nan ƙasa mun gaji da irin binciken da ake zuwa da farar mota a tara mata a ƙarƙashin bishiya a raba lemo da biskit a yi tambayoyi a ɗauki hoto a tafi. Ni kaina an sha sa ni tara matan da yin tafinta, sau nawa ban san adadi ba, amma ko sau ɗaya ba a taɓa dawowa an ce ga abin da muka gano ba. Tambayoyin da muke son amsarsu ba masu wuya ba ne. A ina abin ya fi faruwa, wajen talla ne ko hanyar ɗebo ruwa da itace ko gidajen da ake kai yara aikatau a birni ko cikin gida wajen ɗan uwa na jini wanda shi ne ba a son ambata? Ƙara nawa ke mutuwa a zauren mai unguwa da sunan sulhu, kuma nawa ake biya a kashe ta? Mace in abin ya same ta wa take fara faɗa wa, don ni a ganina ba ɗan sanda ba ne ba kuma ni ba ce, uwa ce ko goggo ko ungozoma ko malamar Islamiyya, to su ya kamata a koya wa maganar awa 72 ɗin nan kafin kowa. Sannan matan da ke dawowa daga hannun 'yan bindiga bayan an biya kuɗin fansa, wasu da ciki, wasu miji ya ƙi karɓarsu, wa ke ƙirga su? Tun 2019 dubban mutanenmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina suka gudu ƙasar Gidan Rumji, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, mafi yawansu mata ne da yara. 'Ya'yanku ne masu girma gwamnoni, kuri'a suka jefa muku. Akwai wanda ya taɓa aika tawaga ta tambayi ma'aikatan lafiya na can abin da matan nan suka faɗa musu?

Kuma bincike ba na ciwo kaɗai ba ne, a binciki magani ma. A ƙasar Damagaram aka fara abin nan da ake kira makarantar mazaje, inda ake zaɓar magidanta masu mutunci su riƙa zama suna tattauna lafiyar iyali su kuma ja hankalin 'yan uwansu maza, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. A Zariya akwai masu tara 'yan mata a gidajen da iyaye suka yarda da su ana koya musu karatu da sana'a don su daɗe a makaranta. Shin waɗannan suna rage duka da auren dole da gaske ko a takarda ne kawai? In suna yi a kawo mana na Damagaram nan a kai musu na Zariya can, in ba sa yi a faɗa mana gaskiya a daina kashe kuɗi. Asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina da na Danja kusa da Maraɗi sun daɗe suna karɓar mata ba tare da tambayar fasfo ba, su ma akwai ilimi jibge a wajensu kan auren wuri da yankan gishiri da doguwar naƙuda.

Na san za a ce ai akwai doka. E akwai. Dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane tun 2015 aka sa mata hannu, a Yunin 2020 gwamnonin Najeriya na lokacin da kansu suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, Kaduna har dandaƙa ta sa a dokarta a shekarar, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta buɗe kundin sunayen masu laifin fyaɗe a 2019. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, akwai Nana Khadija a Sakkwato, akwai Salama a Kaduna, akwai Waraka a Kano, Allah ya saka wa masu aiki a cikinsu. Amma duk a manyan birane suke, uban da ba shi da kuɗin awo ba zai iya kuɗin motar kai 'yarsa can ba, kuma galibin irin waɗannan ayyuka da kuɗin Turawa aka tayar da su, mun kuwa ga abin da ya faru a 2025 da Amurka ta janye tallafinta, ayyukan lafiya nawa ne suka tsaya cak. Kundin sunaye kuma in jandarman Madarumfa ba zai iya dubawa ba to amfaninsa ya tsaya a bakin boda kamar takardar uban yarinyar nan.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Fom ɗaya na shaidar likita, gefe Turanci gefe Faransanci, da Hausa a tsakiya, wanda alƙalin nan da na can za su karɓa. A kowace mashiga a samu mutum ɗaya a ɓangarenmu da ɗaya a nasu, mace in da hali, masu lambar wayar juna, waɗanda aikinsu ke nan in mai laifi ya tsallaka a san inda ya sauka. Maganin awa 72 ɗin nan ya zauna a ƙananan asibitocin ƙauye kyauta ba sai babban asibiti ba. Sai kuma ɗan kaso a kasafin kuɗinku, naku na kanku ba na baƙi ba, a ba jami'o'in nan su yi bincike tare, da sharaɗin sakamakon ya dawo da Hausa a karanta a rediyo a karanta a fadar hakimi. Amma dan Allah a kiyaye abu ɗaya, sunan yarinya da hotonta kar su shiga wannan musayar, sunan wanda kotu ta kama da laifi shi za a yaɗa. Na taɓa ganin an tura hoton wata a wani zauren WhatsApp na ma'aikata wai don neman taimako, kafin sati ya zagayo har 'yan acaba sun san ta, iyayenta sai barin garin suka yi.

Masu cewa wannan ajandar Turawa ce kuma, ni ban ga Bature a cikin labarin da na ba ku ba, daga mai laifin har wadda aka zalunta har waɗanda suka ce a rufa asiri duk masu salla ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da ubanta ya yi mata ba da sonta ba, kuma a huɗubarsa ta bankwana sai da ya yi wasiyya da mata. Nana Asma'u 'yar Shehu ƙauye-ƙauye ta riƙa tura jajis suna karantar da matan karkara tun kafin a ja wannan iyakar. Iyayenmu sarakuna, Sarkin Katsina na nan da Sarkin Katsinan Maraɗi asalinsu ƙasa ɗaya ce, Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri haka, ku ba ku buƙatar biza kafin ku yi magana da juna. In kuka ce daga yau duk mai unguwar da ya kashe maganar fyaɗe a zaurensa a bakin rawaninsa, wallahi za a ji a jika fiye da bita ɗari a otal.

Yarinyar da na ba ku labari an mayar da ita wajen kakarta a wani ƙauye, ta bar makaranta, gwajin da na yi mata bayan wata uku Alhamdulillahi ya fito lafiya. Ubanta har yanzu in ya gan ni a kasuwa sai ya tambaye ni ko an ji wani abu daga can. Kwafin takardar da aka ƙi karɓa yana nan cikin durowata a wajen aiki, duk wanda kuka aiko zan ba shi.

Wassalam, ku huta lafiya.

'Yarku, ma'aikaciyar lafiya daga bakin iyaka.